Layinka ne makullin kuɗinka: yadda za ka tsare waya, WhatsApp da asusun banki mataki-mataki

Idan ka zauna da waɗanda aka kwashe wa kuɗi ta waya ka saurari labarinsu, da wuya ka ji an ce wani gwanin kwamfuta ne ya fasa banki. Abin da za ka ji shi ne an fizge waya a cikin adaidaita, ko wani ya kira da murya mai daɗi ya nemi wata lamba aka karanta masa, ko an danna wani saƙo da aka turo a guruf ɗin dangi. Duk hanyoyin nan uku wuri ɗaya suke ɓullewa: layin wayarka.

Dalili kuwa shi ne yadda aka ɗaure komai a jikinsa. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN, lamba 11 da ta haɗa duk asusun mutum wuri guda. A Disamban 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Yau da layin ne banki ke turo maka alat da lambar tabbatarwa, da shi kake tura kuɗi ta *737# ko *894# ko *966#, da shi WhatsApp da Facebook da Gmail suka san ka. Layi ya zama kamar ƙofar zaure: wanda ya wuce ta, ɗakunan cikin gida ba za su ba shi wahala ba. Shi ya sa na jera matakan nan daga layi zuwa sama, kuma ina roƙon a bi su a jere.

Mataki na 1: Sa wa layin kansa lambar sirri

Mutane da yawa sun kulle fuskar waya da zanen yatsa ko da lamba, sai su ɗauka sun gama. Ɓarawon waya bai damu da wannan makullin ba. Zare layin zai yi ya sa a wata ƙaramar waya mai tocila, daga nan duk saƙon da banki ya turo hannunsa zai faɗa. Lambar *565*0# da kake dannawa ka ga BVN ɗinka, shi ma ya san ta. Abin da ke tare wannan hanya shi ne PIN na layi, wanda yake zaune a jikin layin, ba a jikin wayar ba. Duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar kafin sabis ya hau.

Kafin ka taɓa komai, nemo katin robar da aka ɓalle layin daga jikinsa ranar da ka saya. A kansa akwai PUK, lamba 8, kuma sau da yawa har da PIN na asali. Idan katin ya ɓace, kira kamfanin layinka ko ka je ofishinsu su ba ka. Kada ka fara sai PUK na hannunka.

A wayar Android shiga Settings, ka rubuta SIM lock a wurin bincike, zai kai ka inda ake so ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung. A iPhone yana ƙarƙashin Cellular ko Mobile Data, da sunan SIM PIN. Ƙananan wayoyi masu madannai ma suna da shi a ɓangaren Security. Kunna shi, sa PIN na asali, sannan nan take ka canza shi zuwa naka. Barin na asali daidai yake da rashin sawa, domin kowa ya san shi.

A nan ake yin ɓarna, don haka a kula. Dama uku kawai ake da ita. Idan ka sa lamba sau biyu ba ta shiga ba, dakata, kada ka yi canki-canka a karo na uku. In layin ya kulle, PUK ne zai buɗe shi, shi kuma idan aka yi kuskurensa sau goma layin ya mutu ke nan, sai an yi walkam-bak, wato kamfani ya ba ka sabon layi mai tsohuwar lambarka. Kada lambar ta zama shekarar haihuwarka, ko ƙarshen lambar wayarka, ko wadda kake cirar kuɗi da ita. Daga yanzu duk lokacin da waya ta mutu aka kunna sai ta tambaye ka. Wahala ce ta daƙiƙa biyar, kuma a ganina babu wani mataki a wannan jagora da ya kai ta riba.

Abubuwa biyu sun rage game da layi. Na farko, ya zama da sunanka da NIN ɗinka aka yi masa rajista. Akwai mata da dattawa da yawa da layin da ke karɓar alat ɗinsu da sunan ɗa ko ƙane yake, ranar da ya ɓata sai an nemo mai sunan kafin a dawo da shi, ɓarawo kuwa ba jira zai yi ba. Na biyu, kada ka yar da tsohon layi alhali yana jikin asusunka. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da lambarsa, sabon mai shi ya riƙa ganin shige da ficen kuɗinka. Je banki ka canza lambar tukuna.

Sai fuskar wayar. Ka saita ta yadda saƙon tes ba zai nuna abin da ke cikinsa ba sai an buɗe waya, domin lambar banki tana iya bayyana a kan allo wayar na ajiye a kan benci. Idan za ka bar waya wurin mai caji ko mai gyara, zare layi da memori ka tafi da su. Mafi yawansu masu amana ne, amma shago ne, hannu da yawa ke shiga. Danna *#06# kuma ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, mai lamba 15, a takarda.

Mataki na 2: WhatsApp

Ga yadda ake yi. Waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum, Malam. Daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai nake kira. Za mu yi taro ta intanet yau da ƙarfe takwas kan maganar tallafin marayu, ana tantance waɗanda za su halarta. Yanzu za ka ga lamba shida ta shigo maka, ita ce ta kujerarka. Karanto min in sa sunanka."

Ya san sunan guruf ɗin, ya san sunan shugaba, har ya tambayi iyali. Ya san su ne domin ya riga ya ƙwace WhatsApp ɗin wani a cikin guruf ɗin, yana zaune yana karanta hirarku. Lamba shidan da ta shigo kuwa ba ta kujera ba ce. Shi ne ya sa lambarka a wayarsa yana neman buɗe WhatsApp da ita, kamfanin ya turo maka lambar tabbatarwa. Kana karanta masa, naka ya rufe, nasa ya buɗe. Kafin la'asar yayarka ta samu saƙo da hotonka a kai: "Yaya, don Allah a taimaka min da dubu talatin, ina asibiti, manhajar bankina ta ƙi buɗewa, tura ta wannan asusun, gobe zan mayar." Ita kuma ba za ta tsaya bincike ba, ƙaninta ne.

Maganin yana cikin WhatsApp ɗin tun 2017, mutane ne ba su kunna ba. Shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification. Zaɓi lamba shida taka ta kanka, ka maimaita, sannan ka sa adireshin imel da kake iya buɗewa. Kada ka tsallake imel ɗin, ta nan za ka dawo in ka manta lambar. Daga ranar, ko an yaudare ka ka ba da lambar tes, sai an nemi wannan ta biyun, wadda ba a turo wa kowa ita.

Sannan shiga Linked devices. Nan ake ganin duk kwamfuta ko wayar da aka jona da WhatsApp ɗinka, ana iya jona har guda huɗu. Wanda ya ari wayarka na minti biyu zai iya jona tasa ya riƙa karanta saƙonninka daga nesa, kai ba ka sani ba. Duk abin da ba ka gane ba a jerin, fitar da shi. Ka riƙa leƙa wurin lokaci-lokaci.

Akwai wata dabarar da ba a cika sani ba. Wani zai ce ka danna wata lamba da ta fara da **21* ko *21* don a ba ka kyautar data ko a gyara maka sabis. Wannan lambar karkatar da kira ce: duk kiran da aka yi maka zai tafi wayarsa, sai ya nemi WhatsApp ya karanto lambar tabbatarwa ta kira maimakon tes. Idan kana zargin an taɓa yi maka haka, danna ##002#, zai soke duk wata karkatarwa.

Game da GB WhatsApp da danginsa, shawarata a goge. Na san abin da ke jan mutane, ganin saƙon da aka goge da ɓoye cewa kana kan layi. Amma ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba ka san wanda saƙonninka ke bi ta hannunsa ba, kuma kamfanin na rufe lambobin da ke amfani da su. Haka duk manhajar da aka turo maka ta Xender ko ta guruf. Ɗauko manhaja daga Play Store ko App Store kawai.

Mataki na 3: Gmail, wanda kowa ya manta da shi

Tambayi mutum goma kalmar sirrin Gmail ɗinsu ka ga yadda za a yi ta kallon juna. Yaron shagon da aka sayi waya ne ya buɗe, ya sa lambar wayar mai ita a matsayin kalmar sirri, shi ke nan. Alhali a cikin Gmail ɗin nan lambobin mutanenka suke, da hotunan iyalinka, kuma ta nan ake sake saita Facebook da manhajojin banki da yawa.

Canza kalmar sirrin yau. Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani: haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da dangantaka da juna, ka sa lamba a tsakani, wadda ba sunan ɗa ko mata ko gari a ciki. Kada ka yi amfani da ita a wani wuri, domin idan aka sace bayanan wani shafi, ɓarayi na gwada kalmomin da suka samu a sauran shafuka. Rubuta ta a littafi ka ajiye inda kake ajiye takardun gida. Littafin da ke cikin akwati ya fi kalma mai sauƙi da aka haddace tsaro.

Daga nan shiga asusun Google, ɓangaren Security, ka kunna 2-Step Verification. A wurin za ka ga Backup codes, lambobi goma na ko-ta-kwana da kowace ake amfani da ita sau ɗaya. Kwafe su a littafin nan, su ne za su shigar da kai ranar da waya da layi suka tafi tare. Mai iyawa ya sa manhajar Google Authenticator, wadda ke fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30 ba tare da ta bi ta layi ba. Yi wa Facebook irin wannan.

Mataki na 4: Banki

Haddace wannan ka kuma koya wa na gida, musamman iyaye: babu ma'aikacin banki, ko na OPay, PalmPay ko Moniepoint, da zai kira ka ya nemi PIN, ko lambar da aka turo maka ta tes, ko lambobin jikin katin ATM da ukun da ke bayansa. Mai kiran zai iya faɗa maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka, wannan ba shaida ba ce, irin bayanan nan suna yawo. Alamarsa ita ce gaggawa: za a rufe asusunka yau, BVN ɗinka ya samu matsala, albashi ba zai shiga ba. Kashe wayar. In hankalinka bai kwanta ba, kira lambar da ke bayan katinka ko ka taka zuwa reshe.

Sai ka yi waɗannan tun kana cikin natsuwa. Rage iyakar kuɗin da za a iya fitarwa a rana ta manhaja da ta lambobin dannawa zuwa abin da kake bukata da gaske. Raba kuɗinka biyu: asusun cefane da ke jikin waya, da asusun ajiya da ba shi da kati kuma ba a tura kuɗi daga cikinsa ta lambobin dannawa. Nemi lambar rufe asusu ta gaggawa ta bankinka, wadda ake dannawa daga kowace waya, irin *966*911# ta Zenith da *901*911# ta Access. Rubuta taka a takarda tare da lambar asusunka, ka sa a aljihu, ka ba maiɗakinka ko maigidanki kwafi. Lambar da aka adana cikin wayar da aka sace ba ta da amfani.

A wurin mai POS, katinka kada ya bar idonka, duba adadin da aka rubuta kafin ka sa PIN, ka kare madannan da hannu. Kada ka karanta wa kowa PIN ya danna maka, ko da layi ya yi tsawo.

'Yan kasuwa kuma, alat na bogi ne babban abokin gabarku. Mutum zai ɗauki atamfa turmi biyar, ya nuna maka rasit a wayarsa, har tes ya shigo taka da sunan banki. Tes ana ƙirƙirarsa, rasit ma haka. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun hau kan balas kafin kaya su bar shago, ka kuma kafa wa yaranka wannan doka ko da mai sayen ya zo da babbar riga yana cewa sauri yake. Wanda ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa ta wani asusun daban, ce masa ya bi ta banki.

Saƙonnin rabon tallafi, ɗaukar aiki da kyautar data da ake cewa ka tura wa guruf biyar kafin ka samu, tarko ne na tattara bayanai. Galibin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Manhajar bashi kuma da ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka, niyyarta ta tozarta ka a wurin mutanenka ranar da ka makara. Tun 2023 Google ya hana manhajojin bashi wannan izini, saboda haka wadda ta nema ka san ba ta kan ƙa'ida.

Mataki na 5: Wurin aiki

A ofis, imel ne ƙofar. A 2018 wani babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai sayar da injunan Caterpillar, ya samu imel da ya kai shi wani shafi mai kama da na Microsoft, ya sa kalmar sirrinsa. Da asusunsa aka riƙa aika wa ma'aikatansa umarnin biyan kuɗi da takardun bogi, har kusan dala miliyan 11 suka fita. A 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure ɗan Najeriya Obinwanne Okeke shekara 10 kan wannan. Ma'aikatan da suka biya ba sakarkaru ba ne, umarni suka gani daga adireshin maigidansu na gaskiya.

Dokar da za ta hana irin wannan ba ta cin ko kwabo, kuma ta shafi makarantar kuɗi, asibiti, ƙungiya da shagon sari. Duk saƙon da ya ce an canza asusun da za a biya, ko ya ce a tura kuɗi cikin gaggawa, ba a aiki da shi sai an kira mutumin ta lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Shugaba ne ya kamata ya faɗi wannan da bakinsa, domin akawu na jin nauyin ya kira ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne ka turo?" Sai an nuna masa cewa kiran ba raini ba ne.

Sabunta kwamfuta ba ɓarnar data ba ce. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya, alhali Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris, ba a sa ba ne. Windows 10 ma tallafinsa na kyauta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka ofishin da ke kansa ya fara shirin ƙaura.

Sauran a taƙaice. Kowane ma'aikaci da nasa asusun shiga, wanda ya bar aiki a rufe nasa a ranar, a canza kalmomin sirrin da ya sani. Filashin da ya je shagon buga takardu a bincike shi kafin a buɗe. Muhimman fayiloli su zama kwafi uku, ɗaya a faifan da ba ya jone da kwamfutar kullum, ɗaya a intanet. Na'urar Wi-Fi ta gida ko ta ofis a canza kalmar da ta zo da ita. Takardun NIN da BVN na mutane da kuke karɓa amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora muku alhakinsu, kada a bar su a kan tebur ko a sayar wa mai ƙosai da tsofaffin takardu.

Mataki na 6: Ranar da abin ya faru

Idan an sace waya, ko sabis ɗinka ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da kai masu layi irin naka suna da shi, wanda zai iya zama alamar wani ya yi walkam-bak da layinka, banki ne farko. Ari waya ka danna lambar rufe asusu, ko ka kira bankin su dakatar da komai. Na biyu, kamfanin layi: su rufe shi, ka je da NIN ɗinka a yi maka walkam-bak. Na uku, shiga android.com/find daga wata na'urar da Gmail ɗinka, ko iCloud ga mai iPhone, ka kulle wayar ko ka goge abin da ke cikinta, sannan ka canza kalmar sirri. Na huɗu, kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar IMEI.

Idan WhatsApp aka ƙwace kuma layi na hannunka, sake shiga da lambarka, a turo maka sabuwar lamba shida. Kana sa ta an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa PIN, za a sa ka jira kwana 7, amma shi ma yana waje a tsawon lokacin. Kafin nan kira 'yan uwa da murya ka ce kada kowa ya tura kuɗi, ka sa shugabannin guruf su cire lambar har ta dawo.

Idan kuɗi sun riga sun fita, mintoci ne ke aiki, domin ɓarayi na rarraba su zuwa wasu asusun nan da nan. Kira banki a lokacin, ka ba su adadi, lokaci da asusun da kuɗin suka shiga, ka nemi su tuntuɓi bankin can a riƙe kuɗin. Bi da takardar koke a rubuce ka karɓi lambar shaidar koken. Kada ka goge saƙo ko ɗaya, ɗauki hotonsu. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Matsalar da ta shafi kamfanin layi kuma ana kiran hukumar NCC kyauta a 622. Damfarar kanta laifi ce ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, ana kai ta ga EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda.

Kunya na sa mutane da yawa su yi shiru, shirun kuma shi ke ba ɓarawo damar bin sauran 'yan guruf ɗaya bayan ɗaya, don haka ka faɗa. Ka kuma yi hattara da waɗanda za su ɓullo bayan ka faɗa, a Facebook ko ta waya, su ce su ƙwararru ne ko jami'ai, za su dawo maka da kuɗinka ko asusunka in ka biya wani abu tukuna. Banki da hukumomin nan ba sa karɓar kuɗi kafin su karɓi koke, duk wanda ya nema ka rufe lambarsa ka haɗa ta cikin rahoton da za ka kai.